Shin gyara karkara zai hana mutane tururuwa zuwa birni?

Tambaya: Malam, mun daɗe muna musu da abokaina. Su suna cewa ci gaban ƙasa a birni yake, don haka can ya kamata hukuma ta zuba kuɗi. Ni kuwa ina ganin da za a gyara karkara, babu wanda zai bar mahaifarsa ya je ya cushe a birni yana wahala. Wanne ya fi kyautata rayuwar mutane, faɗaɗa birane ko raya karkara?

Amsa: Malam mai tambaya, rabin maganarka gaskiya ce, ɗaya rabin kuma shi ne kuskuren da na fi ji a bakin masu tsara manufofi, har da waɗanda suka yi furfura a aikin. Gaskiyar ita ce karkara na buƙatar gyara, kuma kuɗin da aka zuba a can ya fi saurin isa ga talaka. Kuskuren shi ne zaton gyaran zai zaunar da mutane wuri ɗaya. Ƙasashen da suka gyara karkararsu gyara na haƙiƙa, mutanensu sun ci gaba da tafiya birni, a wasu wuraren ma tafiyar ƙaruwa ta yi. Abin da ya sauya shi ne halin da mutum ke isa birnin a ciki. Akwai wanda yunwa ta koro, ya sauka a tasha da ƙullin kayansa bai san kowa ba. Akwai kuma wanda ya zo da karatunsa, da lafiyarsa, da gonar da ya bari a baya tana ba da amfani. A takardar ƙidaya sunansu ɗaya, 'yan ƙaura, amma rayuwar da ke jiransu ba ɗaya ba ce.

Bari mu fara ganin girman abin. A 1950 kashi 30 cikin 100 na mutanen duniya ne ke zaune a birane. Wajen 2007 aka yi kankankan, rabi a birni rabi a karkara, karo na farko a tarihi. Ƙiyasin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya ce an kai kashi 55, kuma zuwa 2050 za a kai kashi 68, wato ƙarin mutum kusan biliyan 2.5, kusan kashi 90 ɗinsu a Asiya da Afirka. Amma kada ka riƙe waɗannan alƙaluma da ƙarfi sosai, domin kowace ƙasa da abin da take kira birni. A Denmak, wurin da ke da mutum 200 ya shiga lissafin birane, a Japan kuwa sai an kai 50,000. Sannan akwai abin da masu irin musunku ke yawan mantawa. A yawancin ƙasashe masu tasowa, kaso mafi tsoka na ƙaruwar mutanen birni haihuwa ce ta cikin birnin kanta, wani kason kuma ƙauyuka ne da birni ya tarar a inda suke ya haɗiye su. Ko da yau za a datse kowace hanyar shiga, birane za su ci gaba da kumbura.

To wa ya fi jin daɗi? In ana maganar jimilla ne, mutumin birni. Bankin Duniya ya ƙiyasta fiye da kashi 80 na dukiyar da duniya ke samarwa a birane ake samar da ita, yayin da kusan huɗu cikin kowane mutum biyar masu fama da matsanancin talauci a karkara suke. Waɗanda ba su da tsaftataccen ruwan sha, kusan takwas cikin goma a karkara suke, haka ma marasa wutar lantarki. Dalilin bai da alaƙa da wayo ko ƙwazon mutumin birni. Nisa ne. Bututun ruwa mai tsawon kilomita ɗaya a cikin birni zai shayar da dubban mutane, a karkara kuwa ƙila gida ashirin zai ratsa, alhali kuɗin haƙa da na bututun kusan ɗaya ne. Haka abin yake ga waya da falwaya, da makaranta, da likita.

Inda nisan nan ya fi nuna muninsa shi ne ɗakin haihuwa. Mace ta sauka lafiya da tsakar dare, an yanke cibi, ana murna, sai jini ya ɓalle. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe lafiyayyar mace cikin sa'o'i biyu in ba a tsayar da shi ba. A birni, ko a unguwar da ta fi kowace lalacewa, akwai abin hawa a bakin titi, akwai asibitin da ke da jini da wanda zai iya tiyata. A ƙauyen da ke bayan rafi, sa'o'in nan biyu sukan ƙare ana neman mai mota, ko ana jiran ruwa ya janye a ƙetare. Duk mai ba ka labarin daɗin karkara, iska mai kyau da kwanciyar hankali da zumunci, ba ƙarya yake yi ba, amma ka tambaye shi nisan gidansu da wurin da ake ƙarin jini.

Sai dai jimilla muguwar mai rufa asiri ce. Tana haɗa mai gidan bene da mai kwana a rumfa ta raba biyu, ta ce kowa na lafiya. Fiye da mutum biliyan ɗaya ne a yau ke zaune a unguwannin marasa galihu na biranen duniya. Na sha shiga irin waɗannan unguwanni da igiyar awo a hannu, kuma kusan kamanninsu ɗaya ko'ina. Lungu ne da mutum biyu ba sa iya gittawa sai ɗaya ya karkace, kwatami na bi ta tsakiyarsa. Ɗaki ɗaya, mutum bakwai, risho a bakin ƙofa, katifa a jingine da bango sai dare a shimfiɗa. Masai ɗaya na gidaje goma, rijiya kuma taku kaɗan daga shi. Ruwan sha a jarka ake sayensa, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2006 kan ci gaban ɗan'adam ya nuna mazauna irin waɗannan unguwanni a Jakarta da Manila da Nairobi na biyan ninki biyar zuwa goma na abin da masu famfo a gida ke biya a kan lita ɗaya. Binciken da aka yi a unguwannin marasa galihu na Nairobi a 2000 ya gano mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a can ta zarce ta karkarar Kenya. Cunkoson da ke sa bututu ya yi arha, shi ne kuma ke sa kwalara ta yi sauri.

Wannan ba sabon abu ba ne, kuma tarihinsa na da amfani ga musunku. A shekarun 1840, jaririn da aka haifa a Mancesta ko Libaful, biranen masana'antun Ingila, tsawon ran da ake sa masa bai wuce shekara 25 zuwa 26 ba, alhali na ƙasar baki ɗaya ya kai wajen 40. Birni a wancan zamani makabarta ce mai albashi. Mutane na mutuwa fiye da yadda ake haihuwa a wasu biranen Turai na da, baƙin da ke shigowa daga karkara ne ke cike gurbin. Abin da ya juya lamarin ba asibitoci ba ne, domin magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba su zo ba sai kusan ƙarni guda bayan haka. Wani jami'in gwamnatin Ingila, Edwin Chadwick, ya fitar da rahotonsa kan ƙazantar unguwannin ma'aikata a 1842, aka yi dokar lafiyar jama'a a 1848. A 1854 likita John Snow ya bi sawun kwalara a Landan gida-gida har ya kai ga famfo ɗaya da ke wani titi, aka cire hannun famfon. A 1858 warin kogin Tems ya addabi 'yan majalisa a cikin zaurensu, sai ga kuɗi sun fito, injiniya Joseph Bazalgette ya gina magudanan ƙarƙashin ƙasa da har yau ake amfani da su. Wato fifikon da birni ke da shi a kan karkara ta fuskar lafiya gina shi aka yi da bulo da bututu, kuma duk birnin da bai gina ba yana nan a 1840 ɗinsa, ko da kowa na riƙe da wayar salula.

Yanzu mu koma kan zatonka, cewa gyaran karkara zai tsayar da ƙaura. Dubi Koriya ta Kudu. Wajen 1950 ta raba gonakin manyan masu ƙasa ga manoman da ke noma su, ta ƙayyade kada gonar mutum ta wuce kimanin hekta uku. A 1970 gwamnatin shugaba Park Chung-hee ta ƙaddamar da shirin sabunta ƙauyuka, ta aika wa ƙauyuka fiye da 33,000 buhun siminti 335 kowanne, ta ce su yi aikin da suka ga ya fi musu amfani. Waɗanda suka yi abin kirki, kimanin rabinsu, aka ƙara musu siminti da rodi a shekara ta gaba, waɗanda suka yi sakaci aka tsallake su. Aka faɗaɗa hanyoyin ƙauye, aka sauya rufin ciyawa, aka kai lantarki. Da wuya ka sami ƙasar da ta yi wa karkararta hidima cikin ɗan lokaci kamar haka. Sakamakon? A 1960 kashi 28 na 'yan ƙasar ne a birane, yau sun haura kashi 80, kuma kusan rabin al'ummar na zaune a Seoul, babban birnin ƙasar, da kewayenta. 'Ya'yan manoman da suka mallaki gona su ne suka samu kuɗin makaranta, su ne kuma suka cika masana'antu.

Ƙasar Sin ma ta wannan hanya ta bi, kuma mutane kan karanta labarinta a juye. Suna ganin dogayen gine-ginen Shenzhen, wadda aka ware ta yankin tattalin arziki na musamman a 1980 kuma yau take da mutum sama da miliyan 17, sai su ce birni ne ya fitar da Sinawa daga talauci. Amma farkon abin a gona ne. A ƙarshen 1978, manoma 18 a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui suka dangwala yatsa a ɓoye kan yarjejeniyar raba gonar gandun gwamnati a tsakaninsu, kowa ya noma nasa, ya ba hukuma kasonta, ya riƙe saura. Cikin 'yan shekaru tsarin ya game ƙasar, aka kuma ƙara farashin da hukuma ke sayen hatsi. Raguwar talauci mafi sauri da Sin ta gani ta faru ne a farkon shekarun 1980, a karkara, tun kafin ƙaurar ta kankama. Daga nan ƙananan masana'antu suka tsiro a ƙauyuka da ƙananan garuruwa, daga baya mutane suka kwarara birni. A 1978 kashi 18 ne a birane, a 2011 aka haura rabi, ƙidayar 2020 ta nuna kusan kashi 64. Ba mamaki rahoton Bankin Duniya na 2008 ya ce bunƙasar da ta fito daga noma ta ninka wadda ta fito daga sauran sassa aƙalla sau biyu wajen rage talauci.

Dalilin da ya sa gyaran gona ke sallamar mutane a fili yake in ka zauna ka yi lissafi. Aka kawo ingantaccen iri da taki da ruwan noman rani da injin huɗa, aikin da mutum goma ke yi sai uku su gama shi. Ina sauran bakwai za su? Ciki kuma iyaka gare shi, iyalin da samunsu ya ninka ba za su ninka hatsin da suke ci ba, rarar takan tafi ga sutura da kwanon rufi da makaranta da magani, abubuwan da ba a gona ake yin su ba. A 1900 kimanin kashi 40 na ma'aikatan Amurka a gona suke, yau ba su kai kashi 2 ba, kuma abin da suke nomawa ya ninka sau da yawa. Masanin tattalin arziki Arthur Lewis, ɗan tsibirin Sen Lusiya wanda ya ci kyautar Nobel a 1979, tun 1954 ya bayyana wannan sauyi na rarar hannaye daga gona zuwa masana'anta. Hanya ma haka take yi. Indiya ta fara gagarumin shirin hanyoyin karkara a 2000, kuma da masu bincike Sam Asher da Paul Novosad suka bi ƙauyukan da aka yi wa kwalta, babban abin da suka gani shi ne mutane sun bar aikin gona sun koma aikin lada a waje. Hanyar da ke kawo taki ita ce ke ɗaukar saurayi.

Waɗanda suka ƙi yarda da wannan, suka ce sai sun zaunar da mutane da ƙarfin hukuma, sun bar tarihi mai ɗaci. Tanzaniya ƙarƙashin Julius Nyerere, da kyakkyawar niyya, ta tattara miliyoyin mutane cikin ƙauyukan haɗin gwiwa tsakanin 1973 da 1976 don a sami sauƙin kai musu makaranta da ruwa. Karatu ya yaɗu, amma noma ya ja baya, ƙasar ta koma sayo abinci. Na Kambodiya ba a ma son tunawa, inda a Afrilun 1975 aka kwashe mutanen babban birninta Phnom Penh kaf aka kora su gona. Ita kuma Sin tun 1958 take da rajistar zama wadda ke ɗaure mutum da inda aka haife shi. Rajistar ba ta hana tafiya ba, yau 'yan ci-rani daga karkara sun kai wajen miliyan 300. Abin da ta yi shi ne hana 'ya'yansu cikakken haƙƙin makaranta da asibiti a birnin da iyayen ke gini, har ƙiyasin da aka fitar a 2013 ya ce yara kimanin miliyan 61 ne aka bari a ƙauye, da yawa a hannun kakanni.

Kada abokanka su yi saurin tafawa, domin nasu zaton ma yana da rami. Zuba kuɗi a birni kaɗai, a bar karkara a bushe, shi ne ke haifar da irin unguwannin da na kwatanta maka a sama. A 1970 masana tattalin arziki John Harris da Michael Todaro, waɗanda suka yi nazari a Gabashin Afirka, suka nuna wani abu mai kama da almara: ƙirƙiro ayyuka a birni na iya ƙara yawan marasa aikin yi a birnin. Saurayi a ƙauye lissafi yake yi. In albashin birni ya ninka abin da gona ke ba shi sau uku, ko da rabin masu nema ne ke samu, tafiyar ta fi zaman. Sai a buɗe gurbi ɗari, mutum ɗari uku su taso. A 1977 kuma wani masanin, Michael Lipton, ya yi bayanin yadda gwamnatoci ke fifita birni, domin mutanen birni ne ke kusa da fadar mulki, su ne ke iya zanga-zanga. Sai a danne farashin amfanin gona don abinci ya yi arha a birni, a sa hukumar saye ta karɓi kayan manomi a wulaƙance. Ghana ta yi wa manoman koko haka, daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1980 abin da take samarwa ya faɗi ƙasa da rabi, wanda aka noma ma wani ta kan iyaka yake sulalewa.

Akwai kuma bambanci tsakanin birni da birni. Wani birnin masana'anta ce ta tara shi, yana yin abin da zai sayar wa duniya. Wani kuwa kuɗin man fetur ko ma'adinai ne ake kashewa a cikinsa, sai jama'a su taru kowa na neman abin da zai ɗiga. A irin na biyun za ka ga mutum goma na sayar da kaya iri ɗaya a kan titi ɗaya, dako da talla da gadi su ne aikin, haya kuma na cinye rabin abin da aka samu. Binciken Douglas Gollin da abokan aikinsa na 2016 ya nuna biranen ƙasashen da suka dogara da albarkatun ƙasa sun fi yawan talauci da unguwannin marasa galihu in aka gwada su da biranen masana'antu. Don haka in aka ce maka kashi kaza na wata ƙasa na zaune a birni, ba a gaya maka komai ba tukuna sai an faɗi abin da suke yi in gari ya waye.

A ganina, wurin da ya fi cancantar kulawa shi ne wanda musunku ya tsallake gaba ɗaya, wato matsakaitan garuruwa. Garin da ke da kasuwa, da babban asibiti, da sakandare, da injin casa da na niƙa, da makanikai, wanda manomi zai je da safe ya koma gida da yamma. An bi mutane sama da 3,000 daga yankin Kagera na Tanzaniya tun farkon shekarun 1990 har zuwa 2010. Cikin waɗanda suka fita daga talauci, kusan rabi sun fita ne ta hanyar barin noma zuwa wata sana'a a karkara ko a ƙananan garuruwa, ɗaya cikin bakwai kacal ne ya fita ta hanyar zuwa babban birni. Wanda ya je babban birnin ya fi samu, amma kaɗan ne ke iya kai kansu can, domin tafiyar na son kuɗin mota da masauki da wanda zai riƙe ka wata uku kafin ka samu abin yi. Talaka na ainihi ma sau da yawa ba ya iya ƙaura. A arewacin Bangaladesh an gwada ba iyalai ɗan abin da bai wuce kuɗin mota ba lokacin da rumbu ya ƙare kafin girbi, don ɗaya daga cikinsu ya je ci-rani. Gidajen da suka tura mutum, abin da suke ci ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Da aka faɗaɗa shirin bai yi armashi kamar gwajin farko ba, amma ya nuna yadda 'yar tazara kaɗan ke tsare mutum cikin yunwa.

Ban ce komai na rayuwa ana auna shi da kuɗi da bututu ba. Birni na da cututtukansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019 da gurɓatar iskar waje, ko da yake hayaƙin girki da itace da gawayi a cikin gida, wanda ya fi yawa a karkara, shi ma yana ɗaukar rai wajen miliyan 3 a shekara. Ciwon damuwa da fargaba sun fi yawa a birane, ga sa'o'in da cunkoson motoci ke ci, ga zama cikin miliyoyi ba mai sanin ka kwana lafiya. Rahoton farin cikin al'ummar duniya na 2020 ya nuna wani abu da ya dace da duk bayanin nan. A ƙasashe matalauta mutanen birni sun fi bayyana gamsuwa da rayuwarsu, amma a ƙasashe masu arziki na Arewaci da Yammacin Turai da Amurka ta Arewa da Ostareliya, mutanen karkara sun kamo su har sun ɗan wuce. Ma'ana da zarar ruwa da wuta da hanya da likita sun isa ƙauye, sai sauran alherinsa su fito fili. Amurka a tsakiyar shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce ke da lantarki, aka kafa hukumar kai wuta karkara a 1935, zuwa farkon shekarun 1950 an kai tara cikin goma. Ƙaura ba ta tsaya ba, amma wanda ya zauna ya zauna da zaɓinsa. Can ƙarshen hanyar kuma akwai wata matsalar, irin ta Japan, inda ƙidayar 2023 ta sami gidaje kusan miliyan 9 ba kowa a ciki, ƙauyuka sun koma na tsofaffi, ana rufe makarantu don babu yara.

In kuɗin hukuma kaɗan ne, kuma kullum kaɗan ne, ni ga yadda zan karkata. A karkara a sa shi kan abin da ke bin mutum duk inda ya je, lafiyar uwa da jariri, abinci mai gina jiki a shekarun farko, karatun da yaro zai fita yana iya karatu da lissafi, tare da abin da ke ƙara amfanin gona da hanyar fitar da shi da takardar mallaka da za ta sa mutum ya yi tafiya ba ya tsoron a cinye masa gona. A birni kuwa abu mafi arha kuma mafi wuyar samu shi ne riga mutane isa fili. Ba a fafe gora ranar tafiya. A 1811, lokacin da Niyok ta Amurka ba ta fi mutum 100,000 ba, hukumarta ta zana tituna 155 da manyan hanyoyi 12 a kan gonaki da duwatsun tsibirinta na Manhatan, mutane na dariya, kuma a kan wannan zane birnin ya ginu. Fitar da hanya da wurin makaranta da layin magudana a filin da ba kowa turaku da igiya kawai yake ci. Bayan an gina, sai rusau da diyya da kotu da kuka. Inda aka riga aka makara ma akwai dabara da ta fi katafila. A unguwar Orangi ta birnin Karaci a Pakistan, daga 1980, wani masanin raya al'umma, Akhtar Hameed Khan, ya koya wa mazauna yadda za su haɗa kuɗi layi-layi su shimfiɗa magudanar ƙazanta da hannunsu, hukuma ta ɗauki nauyin babban bututu. Medellin ta Kolombiya ta kai motar igiya mai tafiya a sama zuwa unguwannin kan tudu a 2004, tafiyar da ke cin fiye da sa'a ta koma mintuna.

Shi ya sa duk garin da aka gayyace ni ba da shawara, kafin a zagaya da ni ganin sabuwar gada ko shataletale, nakan roƙi a nuna mini taswirar inda titunan shekara ashirin masu zuwa za su bi. A wani matsakaicin gari an ɗauki kusan sa'a ana neman mabuɗin durowa. Da aka buɗe, taswirar na nan a naɗe, gara ta ci gefe ɗaya, kuma filin da aka rubuta wa makaranta da asibiti na riga na ratsa ta cikinsa da safe, gidaje ne maƙil, lungun ko amalanke ba ya shiga.